Muhawara: Shin kamun ƙafar ƙungiyoyin kwalejojin sana'a ne ya jefa ɗaliban ƙetare cikin tsaka mai wuya?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Ga maganar da nake so mu baje ta a faifai, kuma na san ba kowa zai yarda da ni ba. Halin da ɗaliban ƙetare suka shiga a kwalejojin koyon sana'a na Kanada da Ostireliya daga 2023 zuwa yau, ni ban ɗora shi a kan ma'aikatun shige da fice ba. A wuyan ƙungiyoyin kwalejojin nake rataya shi. Shekara da shekaru suna zarya a ofisoshin gwamnati, kuma a kan ɗaliban ƙetare buƙatunsu ba sa wuce uku: a hanzarta biza, a bar ɗalibi ya yi aiki yana karatu, a kare masa izinin aiki bayan ya gama. Babu ɗaya a cikin ukun da ta shafi abin da ake koyarwa a aji. A haka takardar shaidar sana'a ta rikiɗe ta zama tikitin zama a ƙasa, dillalai kuma suka riƙa tallata ta a haka.

Ranar 22 ga Janairun 2024 ministan shige da fice na Kanada, Marc Miller, ya ƙayyade sabbin takardun izinin karatu zuwa kusan 360,000, ragin kashi 35 cikin ɗari ke nan daga na 2023. A 2023 ɗin kwaleji ɗaya tak a lardin Ontario, wato Conestoga, an amince da izinin karatu sama da 30,000 da sunanta, ta zarce kowace jami'a a ƙasar. Ƙungiyar CICan, mai magana da yawun kwalejojin gwamnati na Kanada, ta fito tana kokawa da matakin. Tambayata ita ce, ina take lokacin da tulun ke cika yana batsewa?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam Habibu, daga tsakiya ka ɗauko labarin. Koma 2019. A shekarar gwamnatin lardin Ontario ƙarƙashin Doug Ford ta rage kuɗin makarantar 'yan ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, sannan ta hana a ƙara ko sisi. Kwamitin ƙwararrun da ita gwamnatin ta kafa da hannunta ya fitar da rahoto a Nuwamban 2023, ya ce abin da Ontario ke ba kwaleji a kan kowane ɗalibi kashi 44 cikin ɗari ne kacal na matsakaicin abin da sauran larduna ke bayarwa.

Shugaban kwaleji manyan ƙofofin kuɗinsa uku ne: tallafin lardi, kuɗin ɗan ƙasa, kuɗin ɗalibin ƙetare. An toshe biyu, an bar ɗaya a wangale. Rahoton babbar mai binciken kuɗi ta Ontario na 2021 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na kuɗin makarantar da kwalejojin gwamnati suka tara daga aljihun ɗaliban ƙetare ya fito, kuma a matsakaici ɗalibin ƙetare na biyan fiye da ninki huɗu na abin da ɗan ƙasa ke biya. Gwamnatin lardi ta karanta rahoton nan, ba ta ce a tsaya ba, don yana rage mata nauyi.

Kuma ƙungiyar Colleges Ontario ta nemi a bari a ƙara kuɗin makaranta, a ƙara tallafi. Me ta samu? A Fabrairun 2024 aka ba kwalejoji da jami'o'i gaba ɗaya kusan dalar Kanada biliyan 1.3 a rarrabe cikin shekara uku, aka kuma tsawaita hana ƙarin kuɗin. Ƙungiyar da ta kasa samun babbar buƙatarta a gidanta, ita ce kake cewa tana juya ma'aikatar shige da fice ta tarayya?

Malam Habibu:
Hajiya, na yarda an matse su. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bari in kawo abu ɗaya a duba shi da kyau: haɗin gwiwar kwalejin gwamnati da makarantar kuɗi. Kafin 2024, kwalejin gwamnati da ke wani ƙaramin gari a arewacin Ontario takan ba wata makaranta mai zaman kanta a yankin Toronto lasisin manhajarta. Ɗalibi ya zauna a ajin makarantar kuɗin, malamanta ne ke koyar da shi, bai taɓa taka harabar kwalejin gwamnatin ba, amma da takardarta zai fito. Takardar kuwa a lokacin ita ke buɗe masa izinin aiki, abin da takardar makarantar kuɗi ita kaɗai ba ta bayarwa. Sai a raba kuɗin. Ba ilimi ake sayarwa a nan ba, hatimi ake haya.

A 2017 gwamnatin Ontario ƙarƙashin Kathleen Wynne ta ba da umarnin a wargaza tsarin bayan wani rahoto ya yi gargaɗi a kan inganci da zubewar mutuncin kwalejojin. A 2019 gwamnatin da ta gaje ta ta sake buɗe shi. Ruwa ba ya tsami banza. Ba ɗalibai ne suka je suka roƙi a dawo da shi ba.

Dokta Nasiru:
Malam, ka kusa kama bakin zaren, amma ka haɗa abu biyu. Kwaleji daban, ƙungiya daban. Mu fara sanin yadda aikin yake tukuna, don kalmar kamun ƙafa tana sa mutum ya hango wani yana raɗa a kunnen minista da daddare. Mafi yawansa takarda ce da kalanda.

A Kanada kwamitin kuɗi na majalisar wakilai yakan karɓi shawarwarin kasafin kuɗi tun wajen watan Agusta. A Ostireliya baitulmali yakan karɓa a farkon shekara, kasafin kuma galibi a Mayu yake fitowa. Ƙungiya za ta tattaro alƙaluma daga mambobinta, ta rubuta 'yan shafuka, buƙata uku ko huɗu, kowace da farashinta a gefe. Wadda ta jero buƙatu goma sha biyu babu lissafin kuɗi ta ɓata tawadarta. Sai bayyana a gaban kwamitin majalisa, inda ake ba shugaban ƙungiya 'yan mintuna ya yi jawabi kafin a rufe shi da tambayoyi. Sai ɗauko kamfanin masana tattalin arziki ya rubuta rahoton irin kuɗin da ɗalibai ke kawo wa ƙasa. Sai kuma wanda ya fi duka tasiri, wanda 'yan jarida ba sa zuwa: zama da jami'an ma'aikata a kan ma'anar kalmomi. Wace makaranta ce ta cancanci a kira ta amintacciya, daga wace rana ƙa'ida za ta fara aiki, wa aka tsame daga ciki.

Raunin ƙungiya kuwa a gininta yake. Da kuɗin mambobi take rayuwa, shugabannin kwalejojin ne kuma ke zaune a kwamitin amintattunta. Kwalejin da ke tsakiyar Toronto ba za ta yi murna da ganin wata daga nesa ta kafa reshe a ƙofarta ba, ita kuma ta nesan da wannan reshen take biyan albashi. Ƙungiyar da ta haɗa su biyun ba za ta iya fitar da matsaya mai kaifi a kan batun ba, sai dai kalamai masu laushi irin su inganci da ɗorewa. Saboda haka ban ga hujjar cewa ƙungiya ce ta gina tsarin ba. Abin da na gani shi ne ba a ƙera ta yadda za ta iya tsawata wa mambanta ba.

Aminu:
A gafarce ni manya, tambaya ce ta ɗalibi. Dokta, ta yaya ake gane wa ya gana da wa? Kuma ina iyakar wannan da cin hanci?

Dokta Nasiru:
Tambaya mai kyau, Aminu. Iyakar ita ce, mai kamun ƙafa hujja yake kawowa da matsin lamba, ba ambulan ba, kuma doka ta halatta masa. Batun gani kuwa ya danganta da ƙasa, bambancin kuma yana da girma.

Dokar Kanada ta fi faɗi. Ta haɗa da ma'aikatan ƙungiya na cikin gida. Idan an shirya ganawa da minista, ko hadiminsa, ko babban jami'i, ko ɗan majalisa, dole a shigar da rahoto kafin 15 ga watan da ke biye, da suna da rana da batun da aka tattauna, kowa kuma na iya dubawa a intanet. Babban jami'in da ya bar kujera an hana shi wannan aiki har shekara biyar. A Amurka dokar 1995 ta tilasta rajista, yanzu kuma duk wata uku ake bayyana kuɗin da aka kashe da ƙudirorin da aka bi.

Birtaniya da Ostireliya labarin ya sha bamban. Dokar Birtaniya ta 2014 'yan kwangilar kamun ƙafa kawai ta kama, su ma sai idan da minista ko babban sakatare suka yi magana. Rajistar tarayyar Ostireliya ta 2008 ita ma ta 'yan kwangila ce, ƙungiyoyin da ke wakiltar mambobinsu an tsame su. To ƙungiyar kwalejoji a waɗannan ƙasashe biyu na iya shekara tana shiga tana fita ba ta bayyana a rajistar ba. Abin da ya rage maka shi ne takardun da ta miƙa wa kwamitocin majalisa, waɗanda galibi ake wallafawa.

Malama Zulai:
Ni inda na saɓa da Malam Habibu shi ne yana magana kamar ƙungiya ɗaya ce mai baki ɗaya. A Ostireliya biyu ne manya, kuma kishiyoyi ne. TDA ta haɗa shugabannin kwalejojin gwamnati da ake kira TAFE. ITECA, wadda kafin 2019 ake kira ACPET, ta masu zaman kansu ce. Duk dalar da aka ware wa shirin TAFE kyauta da aka fara a 2023, ITECA na ganin an hana mambobinta ne. Duk wata badaƙala a makarantun kuɗi kuma hujja ce a hannun TDA. Rabin kamun ƙafar da ake yi, da juna suke yi.

Tarihin ma ya maimaita kansa. Kafin 2010 akwai jerin sana'o'in da ake buƙata wanda ke ba mai neman zama na dindindin ƙarin maki, girki da gyaran gashi na ciki. Makarantun girki da na gyaran gashi suka tsiro ko'ina. A Fabrairun 2010 ministan shige da fice Chris Evans ya soke jerin, makarantu da dama suka durƙushe, ɗalibai suka rasa tudun dafawa, har sai da aka kafa hukumar kare kuɗin makarantar ɗalibai a 2012. Gwamnati ce ta rubuta wancan jeri, ba ƙungiya ba.

Ga na kwanan nan. Ƙa'ida ta hana ɗalibi sauya makaranta kafin ya yi wata shida a babban kwas ɗinsa sai da izinin makarantar. Amma akwai wata kafa da ta ba shi damar yin rajista a kwas biyu a lokaci guda. Dillali sai ya nema masa biza da sunan jami'a, don ta fi saurin fita, da ya sauka sai a yi masa rajista ta biyu a wata makarantar sana'a mai araha wadda ba ta damu da zuwa aji ba, ya watsar da jami'ar ya kama aiki. A wata shida na farkon 2023 an yi irin wannan rajista 17,000. A Agustan shekarar aka toshe kafar.

Sai Agustan 2024, ministan ilimi Jason Clare ya sanar da gurabe 270,000 na sabbin ɗaliban ƙetare a 2025, kusan 95,000 daga ciki na ɓangaren sana'a. ITECA da ƙungiyoyin jami'o'i suka yi ca a kan ƙudirin, a Nuwamba kuma ya maƙale a majalisar dattawa da 'yan adawa da jam'iyyar Greens suka ce ba za su zaɓe shi ba. Malam zai ce ga ƙarfin kamun ƙafa. To a Disamba gwamnati ta fito da umarnin minista mai lamba 111: aka riƙa duba bizar ɗaliban makaranta a layin gaggawa har ta cike kashi 80 cikin ɗari na guraben da aka ƙiyasta mata, daga nan ta koma layin jira. Ƙayyadewar ta shigo ta taga ba tare da doka ba. An gudu ba a tsira ba. Kuɗin neman biza kuma ya tashi daga dalar Ostireliya 710 zuwa 1,600 a Yulin 2024, ya kai 2,000 a Yulin 2025, kuma ba a mayarwa idan an hana. Mai zuwa digirin shekara uku zai iya haɗiye wannan. Mai zuwa gajeren kwas na sana'a shi ya fi ji a jikinsa.

Injiniya Bashir:
Ku ƙara da Ingila, don can ne misalin ƙungiyar da ta sha kaye. AoC, da aka kafa a 1996, ita ce muryar kwalejojin ƙaro ilimi da sana'a. A 2015 ma'aikatar cikin gida ta ƙwace wa sabbin ɗaliban ƙetare na kwalejojin gwamnati damar aikin awa 10 a mako da suke da ita, ta rage iyakar zamansu daga shekara uku zuwa biyu, alhali ɗalibin jami'a na nan da awa 20 ɗinsa. AoC ta yi ƙorafi, ba a saurare ta ba. Da aka dawo da bizar aiki bayan karatu a Yulin 2021, a kan matakin digiri aka gina ta.

A gida ma haka. Kuɗin da ake ba kwaleji a kan ɗalibi ɗan shekara 16 ko 17 ya tsaya a fam 4,000 tun 2013. Aka yi gangami, ƙungiyoyi da yawa suka haɗu suka nemi a kai shi fam 4,760. A 2020 aka kai shi 4,188. An nemi ƙarin 760, an samu 188, bayan shekara bakwai. Idan wannan ne dodon da Malam Habibu ke tsoro, to bai da haƙora.

Malam Habibu:
Injiniya, misalinka ni ya taimaka. A Ingila, inda aka raba kwalejin sana'a da izinin aiki tun 2015, ba a ga irin ambaliyar Ontario a kwalejojin ba. Ke nan izinin aikin ne ƙugiyar. Kuma shi ne abin da ƙungiyoyin Kanada suka fi karewa da ƙarfinsu.

Sannan ban ce suna cin kowane yaƙi ba. Idan maganar tsadar gidaje da zaɓe ta taso, babu ministan da zai saurari shugaban kwaleji. Amma a shekarun da babu wanda ke kallo, a wancan ɗakin da Dokta ya kwatanta, su kaɗai ne a zaune. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ɗalibi ne ya sayar da kadarar gidansu, kuma shi kaɗai ne ba shi da kujera a ɗakin.

Hajiya Rabi:
To mu shiga ɗakin mu ga abin da ake yi a ciki, don akwai misali a fili. Daga 1 ga Nuwamban 2024, wanda ya nemi izinin karatu don yin difloma a kwalejin Kanada ba zai samu izinin aiki ba sai kwas ɗinsa na cikin wani jeri. Jerin farko fannoni 966 ne a rukuni biyar: noma da sarrafa abinci, lafiya, kimiyya da fasaha, sana'o'in hannu, da sufuri. Kowane kwas yana da lambar rabe-rabe mai alƙaluma shida, lambar ce kuma ake dubawa, ba sunan da aka buga a takardar talla ba. Kwas biyu na iya yin kama da juna a suna da darussa, ɗaya lambarsa na cikin jeri, ɗayan babu. Mai digirin jami'a kuwa ba a ɗora masa wannan sharaɗi ba, ko me ya karanta.

CICan ta ce an auna jerin da buƙatun ƙasa baki ɗaya, alhali kwaleji don kasuwar aikin yankinta aka kafa ta. Kuma tana da gaskiya a wuri ɗaya da kowa ya gani: kwas ɗin renon ƙananan yara ba ya cikin jerin farko, a daidai lokacin da ita gwamnatin tarayyar ke faɗaɗa wuraren reno masu rahusa tana neman ma'aikata ido rufe. A Disamban 2024 aka ƙara shi. A Maris na 2025 aka cire sharaɗin daga kan masu digirin farko na kwaleji, aka daidaita su da na jami'a. Wannan shi ne kamun ƙafa a aikace. Ma'aikata ta rubuta jeri daga ofis, mai ɗaki ya nuna mata inda yake yoyo. Da babu ƙungiya, wa zai nuna?

Malama Zulai:
Hajiya, a nan kam zan ɗan koma gefen Malam. Mai ɗakin yoyon da ke zubo masa a gado kawai yake nunawa. Dubi rahotannin da suke ɗaukar nauyi a kan kuɗin da ɗalibai ke kawowa. A lissafin Ostireliya, abin da ɗalibin ƙetare ya kashe a ƙasar, haya da abinci da sufuri, ana ƙirga shi cikin kuɗin shiga daga waje, ko da a cikin ƙasar ya samo kuɗin da aikin dare. Sai a ɗauki wannan jimla a ƙara mata ninki, a fito da adadin ayyukan da aka ce ta samar. Ba a cire matsin gidajen haya, ba a cire kuɗin da dillali ya kwashe. Adadi ne na gaskiya da aka yi wa kwalliya.

Kuma akwai darasin bashin karatun sana'a na Ostireliya, VET FEE-HELP, wanda ma 'yan ƙasa ya shafa. Da aka sassauta sharuɗɗansa, bashin ya tashi daga kusan dala miliyan 325 a 2012 zuwa biliyan 2.9 a 2015. Dillalai na bin gida gida a unguwannin marasa ƙarfi da kyautar kwamfutar tafi-da-gidanka, mutum ya sa hannu a difloma ta intanet da ba zai taɓa buɗewa ba, makaranta ta karɓi kuɗi daga gwamnati, bashi ya hau kansa. Abin da ya lalace a sarari yake: babu iyaka a kan farashin kwas, kuma da rajista ake biyan makaranta, ba da kammalawa ba. Sai a 2017 aka maye shi da sabon tsari mai iyakar dala 5,000 ko 10,000 ko 15,000 gwargwadon kwas. Masu makarantu na cikin kasuwar, sun riga jami'an gwamnati ganin abin da ke faruwa. Ƙa'idojin ɗa'a na ƙungiya ba su tsayar da shi ba, don babban hukuncin ƙungiya shi ne kora, korarre kuma yana ci gaba da karɓar kuɗin gwamnati.

Dokta Nasiru:
Inda zargin Malam ya fi zama daram shi ne Amurka, kuma a ɓangaren makarantun neman riba. A 2011 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar da ke auna bashin ɗalibi da albashin da yake samu bayan ya gama. Ƙungiyarsu, APSCU, ta kai ƙara, a 2012 alƙali ya rushe ginshiƙin ƙa'idar. Aka sake rubuta ta a 2014: biyan bashi kada ya wuce kashi 8 cikin ɗari na albashin shekara, ko kashi 20 na abin da ya rage bayan buƙatun dole. Kamfanin makarantun neman riba na Corinthian ya rushe a 2015, takwaransa ITT a 2016, dubban ɗalibai suka tashi da bashi. A 2019 aka soke ƙa'idar, a 2023 aka dawo da ita. Shekara goma sha biyu ana kai gwauro ana kai mari a kan tambaya ɗaya, wai kwas ɗin nan yana biyan kuɗinsa?

Akwai kuma dabarar kalanda. Ƙa'idar da ta shafi tallafin ɗalibai, idan ba a wallafa ta kafin 1 ga Nuwamba ba, ba za ta fara aiki a Yulin da ke tafe ba, sai na bayansa. Mai kamun ƙafa ba sai ya kayar da ƙa'ida ba. Ya ja ta da makonni kaɗan ya ci shekara guda. Amma a lura, AACC, ƙungiyar kwalejojin al'umma na gwamnati da ke nan tun 1920, ba ita ce ta shigar da waccan ƙara ba. Kada a yi musu kuɗin goro.

Aminu:
To ɗalibin da ke tsakiyar karatu lokacin da aka sauya ƙa'ida fa?

Hajiya Rabi:
Rana ce ke yanke masa hukunci, ƙanena, shi ya sa ake faɗa a kan ranaku. Sharaɗin jerin fannoni da ranar da ka shigar da neman izinin karatu ake auna shi, wanda ya nema kafin 1 ga Nuwamban 2024 bai shafe shi ba. Amma gwajin harshe, mataki na 5 ga mai diflomar kwaleji, na 7 ga na jami'a, ya hau kan duk wanda ya nemi izinin aiki daga wannan rana, ko yaushe ya fara karatu. Ɗaliban haɗin gwiwar da Malam ya kwatanta kuwa, da farko an ce daga 1 ga Satumban 2024 za a daina ba su izinin aiki, sai aka matso da ranar zuwa 15 ga Mayu. Wanda ya biya kuɗin zangon da zai fara a tsakanin ranakun biyu, da tunanin ya tsallake, ya wayi gari takardarsa ba ta kai shi inda aka ce masa ba. Ga kuma kuɗin da dole ka nuna kana da shi na zaman shekara, wanda ya tashi daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635 a farkon 2024.

Kuma Malam ya lura da rabon gurabe. Da tarayya ta ba kowane lardi kasonsa, Ontario ta miƙa kashi 96 cikin ɗari ga kwalejoji da jami'o'in gwamnati, makarantun sana'a masu zaman kansu ba su samu ko ɗaya ba. Su ma suna da ƙungiya, su ma sun yi zarya.

Malam Habibu:
Na janye rabin maganata. Ba su suka rubuta dokokin biza ba, kuma yunwar kuɗi daga gwamnatoci ta fito, Hajiya ta gamsar da ni a nan. Rabin da ya rage ina nan a kansa. Ƙungiyar da ta iya gano cewa lamba ɗaya mai alƙaluma shida ta ɓace daga jerin 966, ta bi ta har aka dawo da ita, ba za ta ce ba ta ga mambanta ya ɗebo ɗalibai 30,000 a shekara ɗaya ba. A kawo mini takarda ɗaya da wata ƙungiya ta miƙa wa gwamnati kafin 2023 tana neman a tilasta wa kowace kwaleji ta bayyana la'adar da take ba dillalai, ko ta wallafa ɗalibanta na ƙetare nawa suka samu aiki a fannin da suka karanta. Idan aka kawo, na janye sauran.

Dokta Nasiru:
Wurin nema biyu ne, Malam. Takardun shawarwarin kasafin kuɗi da na kwamitin shige da fice na majalisar Kanada suna shafin majalisar, shekara bayan shekara. Haka takardun da aka miƙa wa kwamitin majalisar dattawan Ostireliya a kan ƙudirin 2024, na TDA da na ITECA duk za ka iya ajiye su gefe da gefe ka karanta. Rajistar Kanada kuma za ta ba ka rana da sunan jami'in da batun ganawar. Abin da aka faɗa bayan an rufe ƙofa ne ba ya ciki.